Kabejina ya yi yauƙi da wari, ina na kuskure?

UwarGida_Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara kafin maigida ya hana ni shiga kicin gaba ɗaya. Kwanaki na ga wani bidiyo a YouTube wata baturiya tana haɗa kabeji mai tsami, irin wanda ake yankawa a zuba gishiri a cusa a kwalba a barshi ya yi kwanaki har ya yi tsami da kanshi ba tare da an sa lemon tsami ko binigar ba, ta ce yana gyara ciki, ni kuma dama na daɗe ina fama da kumburin ciki in na ci abu mai maiƙo, shi ne na ce bari in gwada tunda kabeji da gishiri ne kawai ba wani kashe kuɗi.

Ranar asabar na sa aka siyo min kabeji manya guda biyu a 'Yankaba, na yanka kamar za a yi haɗin salak, na wanke, na barbaɗa gishiri da ido kamar yadda nake wa miya, kuma gaskiya na ɗan rage hannu saboda maigida yana da hawan jini. Na ɗan juya da cokali na zuba a wata roba mai murfi, da na ga babu ruwa kamar na baturiyar sai na ƙara ruwan famfo kusan kofi biyu na rufe na ɗora saman kanta kusa da taga. Rana ta biyu ba komai, rana ta uku na ga kumfa murfin har ya kumbura na ce alhamdulillah aiki ya fara. Wlh ranar ta biyar da na buɗe sai da na ja da baya, wani irin wari kamar kwata ta toshe, saman ya yi baƙi-baƙi da fumfuna, da na sa cokali na ɗago na ƙasan kuma yauƙi yake kamar miyar karkashi. Autana ya shigo ya toshe hanci ya fita da gudu yana cewa Umma ɓera ya mutu a kicin. Na kwashe na zubar, robar ma har yau warin bai gama fita ba duk da na wanke da omo da toka.

To tambayata, ina na kuskure? Gishirin ne ko robar ce ko kuwa abin ne dama ba na ƙasarmu ba ne? Kuma wadda ta taɓa yi ya yi kyau ta faɗa min yaya ƙanshinsa yake in ya yi daidai, don ni ban taɓa cin na gaske ba balle in gane. Nagode.

Ɗan_Tasha:

Hajiya ke ma dai da neman magana, ana zaune ƙalau a wannan zafin na Afrilu da ko tuwo ba ya kwana lafiya ki ɗauko kabeji ki rufe a roba kwana biyar?? Ai ko ni aka rufe a roba a saman kanta kwana biyar abin da za a tarar kenan. Ki yi mana kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli mu ci mu gode Allah.

Bahaushiyar_Jamus:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, kar ki biye wa Ɗan Tasha, duk da dai a cikin wasan nasa ya faɗi rabin gaskiya. Ni a kudancin Jamus nake kusa da Stuttgart, kuma nan abin nan kamar daddawa yake a wajenmu, babu gidan da ba a san shi ba. Sauerkraut suke ce masa, ma'anar kalmar ma kabeji mai tsami kenan ba wani abu ba. Akwai wani yanki nan kusa da mu da ake kira Filder da suke noma wani kabeji mai tsinin kai kamar hular dara da aka ja sama, duk watan Oktoba har biki suke yi masa. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta koya min, kuma ni ma na farkon da na yi ni kaɗai zubarwa na yi, saboda haka kwantar da hankalinki.

Abu na farko gishirin nan ba na ɗanɗano ba ne, shi ne yake tsare kabejin, ba a zuba shi da ido. Awo ake yi: duk kilo ɗaya na yankakken kabeji giram 20 na gishiri. In ba ki da sikeli ki sa mai kabejin ya auna miki a kasuwa, giram 20 ɗin kuma wajen ƙaramin cokalin shayi uku ne da ɗan ƙari in gishirin mai laushi ne. Da kika rage saboda maigida, nan kika fara buɗe wa ɓarna ƙofa.

Na biyu, ba juyawa ake yi da cokali ba, murzawa ake yi da hannu. Ki yanka shi siriri sosai, ki zuba gishirin, ki barshi kamar minti 15 ya yi laushi, sai ki sa hannu biyu ki dinga cuɗawa kina matsewa kamar mai wanki, minti 10 ko fiye, hannunki zai gaji wlh amma za ki ga tulin kabejin ya koma rabi ruwa ya taru a ƙasan kwanon, in kika damƙo kika matse ruwa na zuba ta tsakanin yatsunki to ya yi. Wannan ruwan nasa shi ake so, ba na famfo ba. Ke kin rage gishiri sannan kika zo kika ƙara ruwa kofi biyu kika sake tsinka ɗan wanda ya rage, kin ga ai kabeji kika jiƙa a ruwa kawai. In kabejin ya kwana biyu ya bushe ruwan ya ƙi isa, sai ki haɗa ruwan gishiri daban, lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce da giram 20 na gishiri, ki ƙara kaɗan.

Na uku kuma shi ne wanda tsohuwar nan take ta nanata min har da buga tebur: komai ya nutse a ƙarƙashin ruwan. Duk silin da ya leƙo sama ya haɗu da iska shi ne zai yi fumfuna. Ki samu kwalbar gilashi mai faɗin baki, irin ta bama babba ta yi, ki wanke da ruwan zafi, ki dinga zubawa kaɗan-kaɗan kina dannawa da muciya ko bayan ludayi har ruwan ya hau sama, kar ki cika taf ki bar wajen yatsa uku. Sai ki ɗauko ganyen kabeji guda ɗaya babba da kika ware tun farko ki lulluɓe saman, ki ɗora abu mai nauyi, ni ƙaramar kwalba nake sawa, wasu kuma leda mai kyau suke cikawa da ruwan gishiri su ƙulle su tura ciki. Su nan suna da wata tukunyar ƙasa ta musamman mai kwarmi a zagayen baki, ana zuba ruwa a kwarmin a kifa murfi, iskar ciki ta fita ta waje ba ta shiga, da daddare kina kwance za ki ji tana ɓul.. ɓul.. a ɗakin ajiya. Da kwalba kuma kar ki ɗaure murfin tam, ko ki dinga sassautawa kullum iskar ta fita, ki kuma sa faranti a ƙasa don zai yi ambaliya.

Ƙanshinsa in ya yi daidai tsami ne mai tsafta, tsakanin kindirmo da ruwan kamu, da ɗan warin kabeji a kwanakin farko wanda yake raguwa. In kin tauna yana ƙaras-ƙaras. Ba ya yauƙi.

Amma maganar zafi fa babba ce. Nan a ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 22 muke barinsa sati uku zuwa huɗu. Kano a Afrilu kuwa ana haura 40, ga ki a kicin ga taga. Wannan sai 'yan gida su ba ki dabara, ni dai da zan ba ki shawara sai in ce ki jira hunturu.

Hajiya_Babba:

Yarinya sannu. Ni ban san wannan na turawa ba amma da na karanta bayanin 'yar Jamus sai na ga ai ba baƙon abu ba ne. Mu da muka tashi muna jiƙa gero muna yin kamu, ai kowa ta san in kika bar gasara babu ruwa a kanta ko kika ƙi canza ruwan, saman ne yake fara lalacewa. Haka nono, da zafi kafin azahar ya yi tsami har ya wuce, da sanyi kuwa sai ya kwana bai kama ba. To ki nemi randa. Ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, ba kicin ba, ki zuba ruwa a randar ki zaunar da kwalbar ciki ruwan ya kai kafaɗarta kar ya taɓa murfi, ki rufa jiƙaƙƙen buhu a kai. In babu randa ki samu tukunyar ƙasa biyu babba da ƙarama ki zuba yashi a tsakaninsu ki dinga jiƙa yashin safe da yamma. Kuma ki daina yin kai biyu a gwaji, ki yi rabin kai, in ya lalace ba ki yi asara ba. Allah ya ba da sa'a.

Ummu_Tagwaye:

Ni dai tambayata ɗaya, wannan barin abu ya yi kumfa kwana da kwanaki a rufe, ba giya yake zama ba kuwa? Don ni duk abin da aka ce an tsima shi har yana tsiyayar kumfa gabana faɗuwa yake. Kar mu je neman lafiyar ciki mu kwaso abin da ya fi ƙarfinmu.

Malamin_Kimiyya:

Salam. Hajiya Ummu Tagwaye tambayarki tana kan hanya, bari in faɗi abin da na sani ta ɓangaren karatu, fatawa kuma a bar wa malamai.

A jikin ganyen kabeji dama akwai ƙwayoyin bakteriya iri-iri, masu amfani da masu ruɓarwa duk a haɗe. Gishirin yana jawo ruwa da sukarin da ke cikin ganyen waje, yana kuma danne masu ruɓarwar, su kuwa masu kawo tsami suna jure gishiri kuma ba sa buƙatar iska. Wanda yake fara aiki sunansa Leuconostoc, shi ne mai kumfar nan ta kwanakin farko, iskar da yake fitarwa irin wadda take cikin lemon kwalba ce. In tsami ya ƙaru ya fi ƙarfinsa sai 'yan gidan Lactobacillus su karɓa su ƙarasa. Abin da suke mayar da sukarin shi ne asid ɗin laktik, wato tsamin da kike ji a kindirmo da koko. Giya kuwa aikin yis ne a kan abu mai sukari da yawa ko tsiron hatsi, kamar yadda ake yi da dawa a burkutu, hanyar daban ce. Ba zan ɓoye ba, a matakin farko akan samu ɗan ɓurɓushin alkohol kaɗan ƙwarai, irin wanda ake samu a kwaɓin burodi ko ayaba da ta nuna sosai, ko bokiti mutum ya cinye ba zai bugu ba, sai dai cikinsa ya ɗauki ƙugi.

Uwar gida kuma yauƙin da kika gani yana da dalili. In wuri ya yi zafi ko gishiri ya yi kaɗan, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan saki wani abu mai danƙo a ruwan, sannan ganyen ya narke ya yi laɓo-laɓo tun tsami bai kama ba. Wani lokaci in yauƙi ne kawai babu wari yakan baje da kansa in aka bar shi, amma naki da ya haɗa da ɗoyi da baƙar fumfuna kin yi daidai da kika zubar. Ki riƙe wannan: in kin ga farin abu siriri a shimfiɗe a saman ruwan kamar yanar madara, yis ne, ba ya cutarwa, ki kwashe da cokali mai tsafta. In kuwa mai gashi-gashi ne, baƙi ko kore ko ruwan hoda, a zubar duka, kar a ce za a yaye sama a ci ƙasa.

Dabarar tukunya biyu da yashi da Hajiya Babba ta kawo kuwa, ita ce wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ruwan yashin yana tsatsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ta fi aiki yanzu da iska take a bushe, in damina ta sauka ƙarfinta raguwa yake. Duk da haka ba za ta kai ki sanyin Jamus ba, saboda haka ki manta da lissafin sati huɗu. Ki fara ɗanɗanawa daga rana ta huɗu, da kin ji tsamin ya yi miki ki kai firij.

Batun magani kuma mu bi a hankali. Yana da bitamin C, wannan tabbas ne, shi ya sa Kyaftin James Cook ya loda shi a jirgin ruwa a tafiyarsa ta 1768 don kare matuƙansa daga ciwon rashin bitamin ɗin, wanda yake sa dasashi jini haƙora su zube. Amma masu bidiyo da suke cewa yana warkar da komai kasuwarsu suke ci. Ke da kike da kumburin ciki ki fara da cokali ɗaya, don kabeji da kansa yana tara iska. Mai gyambon ciki ya yi hattara da tsamin. Maigida kuma a ɗauraye masa nasa da ruwa kafin ya ci, kaɗan, ba wai a rage gishirin kwalbar ba.

Bahaushiyar_Jamus:

Af, na manta, tunda Ummu Tagwaye ta taɓo maganar. Na gida da kika haɗa da hannunki kabeji ne da gishiri kawai, amma masu zuwa Turai ku dinga duba na kanti, akwai wanda ake zuba wa ruwan inabi na giya, za ku ga an rubuta Wein a jikin gwangwanin ko ledar. Kuma su da naman alade suka fi dafa shi, kar a ba ku a gidan abinci ku ce ai ganye ne. Sannan yawancin na gwangwanin an dafa shi kafin a rufe, ƙwayoyin da ake nema sun mutu sai tsamin kawai.

Yar_Farin_Gada:

Mu a Jos abin ya fi mana sauƙi gaskiya, a Disamba a ɗaki kawai nake ajiyewa kwana 12 zuwa sati biyu ya yi. Anti in za ki siya ki ɗaga ki ji nauyinsa, wanda ya yi nauyi ya cure tam kamar dutse shi ne mai ruwa, wanda ya yi sakayau ya kwana biyu a hanya. Ki ɓare ganyen waje biyu ko uku ki yar saboda feshin maganin ƙwari da manoma suke yi masa ba kaɗan ba ne, ki wanke kan a dunƙulensa, kar ki yanka sannan ki wanke kamar yadda kika yi. Ni ina goga karas ɗaya a ciki kamar yadda 'yan Rasha suke yi, da 'yar citta da attarugu ɗaya, in aka ɗora a gefen shinkafa da wake da mai da yaji.. hmm. Amma karon farko ki yi shi zalla tukuna ki gane kansa. Masu son yaji sosai su nemi na Koriya, kimci, amma wannan wani kabejin ne daban mai dogon ganye kuma aikinsa ya fi yawa.

Ɗan_Tasha:

Toh ni dai na ga an koma aji. In ya yi a aiko min da garau-garau ɗin, kabejin ku riƙe abinku.

UwarGida_Kano:

Salam 'yan uwa na dawo da rahoto, ku yi haƙuri na yi shiru kwana biyu. Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, musamman Anti ta Jamus da Hajiya Babba da Malam.

Na yi rabin kai kamar yadda Hajiya ta ce, na aro sikelin maƙwabciyata mai yin kek, ya ba ni giram 600 na sa gishiri giram 12. Murzar nan kuwa ba wasa ba ce, sai da na kira 'yata ta karɓe ni, amma ruwan ya fito har na yi mamaki, ashe duk ruwan nan yana cikin ganyen. Na cusa a kwalbar bama na danne da ganye da ledar ruwan gishiri na zaunar a tsohuwar randar da muka daina amfani da ita a ƙarƙashin bene. Rana ta uku ya yi ambaliya ruwan randar ya ɗan yi wari sai da na canza, gabana ya faɗi na ce shikenan an kuma, amma da na duba ciki fes yake ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Rana ta huɗu na ɗanɗana gishiri ya fi yawa, ta shida tsami ya fara fitowa, ta takwas na ga ɗan farin yanar nan da Malam ya faɗa a gefe na kwashe na kai firij. Yana ƙaras-ƙaras ɗin kuwa duk da na saman ya ɗan fi laushi.

Mun ci da dambun shinkafa jiya. Maigida ya ɗanɗana ya yi shiru ya ce ba laifi, sannan ya miƙo cokali a ƙara, auta kuwa ya ce shi har abada. Yanzu matsalata wuta, tun shekaranjiya ba su kawo ba firij ɗin ya zama kabad, na mayar da kwalbar randa. Anti in ya ƙara kwana uku ko huɗu a haka zai lalace ne ko tsami kawai zai ƙara?